Garin Ƙaron Alhaji Tanko

Gure, 3 ga Maris 1997

Zuwa ga ɗana Ibram,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da karatun likitanci a Yamai. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya soma.

Raina a ɓace na ɗauki biro. Ranar kasuwar da ta wuce ina sayen tumatir na ji mai shela yana kiran sunanka, har na tsaya da murna. Sai na ji yana cewa lokotoro Ibram, wato likita, ya tabbatar garin ƙaron da kawunsa Alhaji Tanko ke sayarwa "prebiyotik" ne, yana tsayar da zawon yara, ba sai an je asibiti ba. Mata suka cika shagon. Kowane ƙulli da 'yar takarda a manne, kuma na gane rubutun. Shekara huɗu ina gyara shi da jan biro a kolej.

Yaushe ka zama lokotoro, kai da kake aji uku? Ka amsa mini, kada ka yi kwana-kwana.

Malamarka ta kimiyya,
Madam Rahila

Yamai, 14 ga Maris 1997

Zuwa ga Madam,

Bayan gaisuwa irin ta addini da girmamawa, wasiƙarki ta iso, kuma ta yi mini nauyi.

Madam, ba ƙarya na ƙaga ba. Kalmar sabuwa ce, shekara biyu ke nan da masana suka fito da ita. Nau'in abinci ne da cikinmu ba ya narkarwa, sai ya kai babban hanji ya ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune can. Ƙaronmu da alama haka yake. Ga kwafin takardar da na karanta na haɗo miki.

Kawu ya zo Yamai, muna hira na ba shi labari, ina jin daɗin cewa abin da muke tsinka a jikin itacen dakwara zai iya zama abin alfahari. Ya ce in rubuta masa kalmar a takardu. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, yaya zan ce masa a'a? Maganar zawo kuwa ba daga bakina ta fito ba.

Ki gaida maigidanki Malam Umara da yara.

Ɗalibinki mai biyayya,
Ibram

Gure, 25 ga Maris 1997

Ibram,

Wa alaikumus salam. Gida lafiya, suna amsawa.

Na karanta takardar sau biyu, ta burge ni, har zan koyar da ita a aji. Amma kai ka karanta ta kuwa? Sharaɗi uku na gani a ciki. Abin ya wuce ciki da ƙaramin hanji bai narke ba. Ya ciyar da masu amfani su kaɗai, ba da masu cutarwa ba. Sannan a nuna mutum ya ƙaru da lafiya. Wanne ka gwada a garin ƙaron kawunka? "Da alama" ba ta taɓa samun maki a ajina ba. Kuma ko ya cika ukun, abincin hanji ne na mai lafiya, ba ya mayar da ruwan da zawo ya zubar.

Ka tuna Bintu, wadda ke zama a bayanka a aji? 'Yarta Nusaiba, wata goma sha huɗu, zawo ya kwantar da ita a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Kwana uku Bintu tana dama mata ƙaro, ta ajiye ruwan gishiri da sukari. Na tambaye ta don me. Ta ce, "Madam, ai ke kika koyar da shi, na san ba zai faɗi abin da ba haka ba." 

Na bi gidaje ina gargaɗi. Wata tsohuwa ta ce mini, "Ke malamar lakwal ce mai koyar da yara, shi kuwa lokotoro." Ka san mutanenmu, abin da shela ta sa a kunne, shela ce kawai ke cire shi, kuma da sunan wanda ya faɗa tun farko. Ka rubuto abin da mai shela zai faɗa. Na san a gaban shagon kawunka zai wuce. Na san me nake nema gare ka.

Rahila

Yamai, 2 ga Afrilu 1997

Madam,

Ina gaisuwa. Na rubuta wa kawu da kansa tukuna, don kada ya fara ji a kasuwa. Ga abin da za a faɗa:

"Ibram ɗan marigayi Fannami yana cewa shi ɗalibi ne, ba lokotoro ba. Bai gwada garin ƙaro ba. Ƙaro ba maganin zawo ba ne. A ba yaro ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti."

Kada a rage ko kalma. Don Allah ki gaya mini halin da Nusaiba ke ciki.

Ibram

Gure, 12 ga Afrilu 1997

Ɗana,

Sallama da fatan alheri. An yi shelar, sau uku mai shela ya zaga kasuwa ina biye da shi. Alhaji ya rufe shago tun kafin azahar.

An sallami Nusaiba, jiya ta sha koko da kanta. Bintu ba ta ce a gaishe ka ba, ni kuma ban matsa mata ba.

Kawunka ya aiko da akwatin littattafanka gidana, ya ce idan an yi hutu ka nemi masauki. Malam Umara ya sa an share maka ɗakin zaure. Har yanzu ban gama hucewa ba, amma ka zo.

Malamarka,
Rahila