Littafin Baba zai zo launi biyu

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya Malam da yara? Mu nan Tamanrasset sai godiya.

Na kai rabin buga waƙoƙin marigayi Baba, sai takarda mai ruwan madara da nake bugawa a kai ta ƙare. Da ƙyar kamiyo, babbar motar kaya, ya iso daga birnin Alje, sai ga takarda fara fat. Direban ya ce, "Alhaji, takarda ai takarda ce."

Ban yi musu ba, na gaji. Idona ya fara kasa tsintar ƙananan haruffan dalma, in na tsaya jiran irin waccan ba lalle in gama ba. Na ɗora farar a inji.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Inna, a ce mata kafin azumi littafin zai shiga hannunta, in Allah ya yarda.

Ƙaninki,
Mamman Sani