Duniya Ta Yi Mini Magana, Inna Ta Ƙi

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara. Na daɗe ina aiko da rahotanni daga ƙasashen waje, daga baya na koma shirya fina-finai kan rayuwar mutane. Na zauna da masunta, da 'yan gudun hijira, har wani tsohon soja ya taɓa yi mini kuka a gaban kyamara. Yanzu na dawo gida, asiri a rufe, maiɗakina ma ta daina kirana baƙo.

Damuwata Inna ce, mahaifiyata. Ta tsufa, ga labari a bakinta kamar rijiya. In ina yanke mata farce, sai ta ɓarke da labarin yadda ta kusa haihuwata a bayan motar kaya, tana kwaikwayon muryar direban har in yi hawaye don dariya. Amma da na kafa kyamara sai ta shige ɗaki ta ɗauro sabon kallabi, ta zauna ƙiƙam kamar mai hoton fasfo. Duk abin da na tambaya, lafiya lau, sai godiya. Ƙanwata ta ce in ɓoye na'urar ɗaukar murya ƙarƙashin matashi. Raina bai kwanta ba, amma ina tsoron ranar da zan nemi muryar nan in rasa.

Ɗan Inna

Ɗan Inna, barka da dawowa. Ashe gwanin da ya sa soja kuka, kallabi ɗaya ya kayar da shi!

Tsoronka gaskiya ne, murya ba ta dawowa. Amma ita ma Inna tana da hujja. Baƙin can sun saki baki ne don sun san gobe za ka hau jirgi. Inna kuwa ta san surukai da maƙwabta za su kalla, kuma ba a yi wa duniya hira da tsohon zane.

Ka rabu da dabarar matashi. Ranar da ta gane, har hirar yankan farcen za ka rasa.

Ka mayar da kyamara jakarta. Ka gaya mata ƙiri-ƙiri cewa muryarta kawai kake so, don jikoki, ba don talabijin ba, kuma duk abin da ta ce a goge za a goge. Ka ajiye waya a fili tana ɗaukar muryarta, ka kama yatsunta, ka yi shiru. Tambaya aikin 'yan jarida ce, ɗa saurare yake yi.

In ta ƙi, ka haƙura ka haddace. Ita ma ba da na'ura ta riƙe labarin direban ba.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa ka daɗe kana yanke farcen nan.