Za Su Kai Bayanan Jami'armu Rumbun Wani

Malama Ratnawilis, ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni jin daɗin abinci. Ni ban yi makaranta ba, matata ce ke rubuta wannan, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Jami'ar garinmu, nan kusa da Payakumbuh, a kan gonar shinkafar uwayenmu take. Ni ne kawun da ke riƙe da ƙasar dangi, da yardata aka bayar, shi ya sa nake da kujera a majalisar amintattu. Kin kuma san mu ba ma ƙirga hannu. In mutum ɗaya bai yarda ba, magana ba ta wuce ba.

Yusnimar, 'yar ƙanwata marigayiya, ita ke haɗa rahoton da ake aika wa ma'aikatar ilimi. Ni na riƙe ta, ni na aurar da ita. Ta ce kowace tsangaya da irin yadda take ajiye sunayen ɗalibai da sakamakonsu, in an haɗa ba sa yin daidai: a nan mutum ya gama karatu, a can yana shekarar farko. Ma'aikata sai dawo musu da rahoto take yi. Sai ta kawo wani kamfani daga Jakarta, wai zai yi mana rumbun bayanai a tara komai wuri guda.

Rumbu dai na san shi. Na tambaya a wane fili za a kafa, mutumin kamfanin, wani mai yawan turare, ya ce babu fili, a na'urorinsu zai zauna, mu riƙa biya duk shekara. Ya haska mana zane-zane ja da kore a bango, sai da na matsa ya ce ai bayanan ɗaliban ƙirƙira ne, ba namu na gaske ba. Na ce to ranar da muka ɓata da ku, wa zai buɗe mana? Haji Bustami, wanda tun muna samari ba shi da aiki sai tsokanata, ya ce wai tsoho na tsoron kada ɓera ya shiga kwamfuta. Aka yi dariya, har da shugaban jami'a, wanda ubansa a gonarmu ya yi ƙwadago. Na miƙe na ce ban yarda ba.

Ga kuma maganar ɗaki. Can baya da mutanen jami'a suka ce suna son ɗaki mai sanyi na na'urori, itatuwan kirfata na sare na sayar na gina musu, aka sa sunan uwar Yusnimar a ƙofa. Yanzu wai in an karɓi tayin kamfanin ɗakin ba shi da sauran amfani. Ba wanda ya tako gida ya gaya mini, a bakin direban jami'a na ji. Baƙin kamfanin ma otel aka kai su cin abinci, ba a kawo su gaishe ni ba.

Yusnimar ta zo, ta zauna nesa kamar baƙuwa. Ta ce, "Kawu, in ka sake hanawa a zama na gaba, zan ajiye aikin in bi mijina Batam. Na gaji da jin kunya a madadin kowa." A al'adarmu mata ke gadon gida, kuma ita kaɗai ce macen da ta rage a gidan uwayenmu, in ta tafi, rufe shi za a yi. Amma in na janye, Bustami ya ci ni ke nan. Wai ni ne mai laifi?

Daga Tsoho Mai Kirfa

AMSA

Baba, na gaishe ka, na kuma gaishe da Inna da ta yi haƙurin rubutu.

Tambayarka ba abin dariya ba ce. Duk wanda zai ba wani ajiya dole ya san yadda zai karɓo kayansa. Amma "ban yarda ba" ba tambaya ba ce, rufe ƙofa ne, kuma Yusnimar ka rufe a ciki tare da rahoton da ba ya haɗuwa. Matsalarta ta gaske ce: in ma'aikata ta ci gaba da dawo da rahoto, takardun shaidar ɗalibai ne za su maƙale.

Ka mayar da ƙin yardarka sharaɗi. Ka ce kafin a sa hannu, kamfanin ya gwada da bayanan gaske na tsangaya ɗaya, wadda ta fi rikicewa, a ga ko zai fitar da rahoton da ma'aikata za ta karɓa. A rubuta cikin yarjejeniya cewa bayanan na jami'a ne, kuma ranar rabuwa za a dawo da su cif, ta yadda wata na'ura za ta iya karantawa. A san wa ke iya leƙa sirrin ɗalibai, a kuma koya wa ma'aikatanku riƙe abin da kansu. Ba mamaki 'yarka ta riga ta yi tunanin wasu cikin waɗannan. Ka tambaye ta kuwa? In kamfanin ya ƙi, ba kai ka hana ba, su suka hana kansu.

Maganar ɗaki kuwa daban ce, kuma ina jin ita ta fi yi maka ciwo. An yi maka ba daidai ba, ya kamata ka ji daga bakin na gida. Sai dai ɗalibai ba su suka ɓata maka ba. Ka faɗi wannan a fili da sunansa, ka nemi a bar sunan marigayiya a ƙofar, a ba ɗakin wani aiki, ko da ajiye kwafin bayanan ne a gida.

Kada ka jira ranar zama. Ka je wurin Yusnimar da ƙafarka, ka ce ta bayyana maka tayin a tsanake, ku shiga majalisa bakinku ɗaya. Haji Bustami zai yi dariyarsa ko ka janye ko ba ka janye ba, ya tafi gida cikin iyalinsa. Kai ne za ka kwana kusa da gidan da babu kowa.

Allah ya sanyaya zuciyarka, Baba, ya bar ku tare.

Ratnawilis