Waken Kalaba da Cikin Idirisu

Litinin, 3 ga Maris, 1879
Cikin Idirisu ya kumbura kamar ganga, ba bayan gida, ba ko tusa. Na ba shi kanwa, na ba shi man zurma, na yi masa ƙaho, shiru kake ji. Ni da nake wanzanci tun kafin a 'yanta mu daga bauta. Tsohon nan har hanjinsa taurin kai gare shi. A duk unguwarmu ta Água de Meninos, nan ƙetaren teku, shi kaɗai ya rage da nake Hausa da shi, mu kuwa faɗa kawai muke yi da ita.

Talata, 4 ga Maris
Ɗiyarsa Lantana ta kawo likita. Ya ƙwanƙwasa cikin, ya ce ba abin da ya toshe, hanjin ne ya yi barci, sai an tashe shi. Ya bar maganin ɗigawa na waken Kalaba. Idirisu na jin sunan ya juya wa kowa baya. Ashe lokacin da yake aikin jirgin ruwa ya ga a garin Kalaba ana ba wanda ake zargi da maita waken nan: mai gaskiya ya amayar, mai laifi ya zawayar ko ya mutu.
Ya ce mini, "Zubairu, wa ya ce ni maye ne?"

Laraba, 5 ga Maris
Ya ƙi sha. Numfashi na yi masa wuya. Likita ya ce hanjin na iya fashewa. Tsoro nake ji, wallahi.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ɗiga maganin a ruwa na shanye a gabansa. Na ce in shari'a ce, a yi mana tare. Ya harare ni, ya karɓa ya sha.
Ni mai lafiyayyen ciki na wuni ina zaryar bayan gida, gumi sharkaf. Shi kuwa da la'asar ya saki wata iska da ta sa maƙwabciyarmu Bayarabiya ta leƙo. Lantana ta rangaɗa guɗa. Yana dariya yana riƙe ciki, wai a dokar Kalaba mu duka biyun mayu ne.

Juma'a, 7 ga Maris
Likita ya wanke ni tas, wai guba ce ba ta wasa ba. Na yi kamar yaren Fotugis ɗin da nake ji ya ƙare.

Lahadi, 9 ga Maris
Idirisu ya sha kunu, ya kushe yadda na dama shi. Ya warke ke nan.
Na kwaso tabarmata da kayan aski na dawo ɗakinsa. Na ce wa Lantana rufin nawa ne ke yoyo. Ta dubi sama, rana tarwai, ta matsar da akwati don in samu wurin shimfiɗa.