Ambato na Goma Sha Biyu

Litinin, 3 ga Fabrairu

Goma sha ɗaya. Har yanzu. Na duba a waya kafin in wanke fuska, na sake dubawa a cikin bas, sai ka ce wani zai ambace ni tsakanin gida da wurin aiki.

Farfesa, shugaban sashenmu, ya maimaita mana dokar a taron safe: duk mai ɗakin gwaji dole makinsa ya kai sha biyu kafin ƙarshen Yuli, in ba haka ba a ba wani ɗakin. Wato takardun bincike sha biyu, kowacce wasu masu bincike sun ambace ta aƙalla sau sha biyu a nasu rubutun. Ina da sha ɗaya da suka tsallake. Ta ƙarshen ta toge a kan ambato sha ɗaya. Mutum ɗaya tak nake jira, ko a wace duniya yake.

Kuma ita ce wadda na fi ƙauna. Ƙwayoyin halitta na fatar tsofaffi, waɗanda suka daina rabuwa suka baje a farantin gwaji, na sa musu sinadarina, farantin ya cika. Na rubuta cewa tsofaffin sun tashi. Shekara huɗu na ba wannan aikin.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Baba ya kasa sa maɓallin rigarsa yau da safe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo, yana ɗaukar ƙusar da ido bai cika ganinta ba. Na miƙa hannu, ya janye kafaɗa. Ya ce, "Bar ni, Uwata. Ke dai ki gaggauta da maganin nan naki."

Wasa yake yi. Ina jin wasa yake yi. Amma na ji shi yana gaya wa abokan zamansa a bencin ƙofar gida cewa 'yarsa tana mayar da tsoho yaro a cikin faranti, saura mutane. Na sha ce masa faranti daban, mutum daban. Sai ya ce ai da ƙaramin agogo ake koyon gyara.

Talata, 11 ga Fabrairu

Editan wata mujalla ya turo mini takarda in tantance ko ta cancanci a buga. Ba sunan marubuta. Na buɗe jerin waɗanda suka ambata, kamar yadda kowa ke yi ko da ba zai faɗa ba, sai ga ni. Takardar tawa ta sha biyu. Na tashi na zaga ɗakin, har na gaishe da firji.

Sannan na zauna na karanta.

Sun ce tsofaffina ba su tashi ba. Wai akwai 'yan ƙananan ƙwayoyi masu jini a jika da suka laɓe a tsakaninsu, su ne sinadarin ya zaburar suka hayayyafa suka cika farantin. Tsofaffin suna nan inda suke. Sun rubuta shi cikin ladabi, wannan ya fi ƙona mini rai.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ƙarya suke. Hotunansu ma ba kyau.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Hotunan suna da kyau.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na sha shayi da Dogo, mai ɗakin gwajin da ke kallon nawa. Makinsa ashirin da wani abu, ba ya ko duba agogo in an zo maganar Yuli. Ban gaya masa wace takarda ce ba, ba a faɗa. Na dai ce, a ce an kawo maka aikin da zai rushe naka.

Bai ko ajiye kofi ba. "Sai ki nemi su ƙara gwaji goma, Dakta. Kafin su gama an yi shekara biyu, sun gaji." Na ce to ambaton da nake nema fa? Ya yi dariya, ya ce wata takardar za ta zo hannuna, in rubuta wa masu ita cewa ya kamata su duba aikin wance. "Za su saka ki, ba sa son rigima. Kowa haka yake yi."

Ke nan akwai hanyar da zan tsira da ɗakin, in tsira da aikin, babu wanda zai sani. Na dawo na zauna gaban madubin gwaji ban kalli komai ba. Ina son wannan hanyar, ba zan yi wa kaina ƙarya a nan ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na roƙi edita ya ƙara mini wata guda. Na fito da ƙwayoyin daga sanyi, na ware tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, kowacce a nata ramin na faranti ita kaɗai, ba inda ƙarama za ta laɓe. Wuyana ya ƙage. Na sa sinadarin, na rufe akwatin ɗumi.

Don in nuna musu kuskurensu nake yi, ba don komai ba.

Talata, 4 ga Maris

Shiru. Suna nan a baje, manya, ba wadda ta motsa. Sai nake ce wa kaina da sauran lokaci, tsoho ba ya tashi da sauri. Na kama kaina ina yi musu magana da safe: to, 'yan uwa, a taimaka mana.

Baba ya zubar da shayi a kan wandonsa, ya ce kofin ne ya yi santsi. Na ce eh, kofin ne.

Alhamis, 13 ga Maris

Ko ɗaya. A wani rami da ƙarama ta kuɓuce mini ta shiga, nan ne kawai ya cika maƙil. Na daɗe ina kallonsa. Daidai hoton da ke shafi na uku na takardata, wanda na sa aka yi wa firam na rataye a ofis.

Ban yi kuka ba. Na wanke kwalabe, har waɗanda suke a wanke.

Juma'a, 14 ga Maris

Na rubuta wa edita: a buga. Na gyara musu wani lissafi da suka yi wa ganganci, na ce su canza launin jadawali na biyu don ba ya karantuwa. Wannan na ƙarshen mugunta ce kawai, na sani.

Yatsana ya daɗe a kan maɓallin turawa. Abin da Dogo ya faɗa yana nan, bai je ko'ina ba. Na danna dai.

Lahadi, 16 ga Maris

Na gaya wa Baba muna zaune a baranda. Ya saurara har na gama, yana murza tsohon agogonsa da ba ya iya buɗewa yanzu.

"Ke nan tsofaffin ba su tashi ba?"

Na ce a'a, Baba, yara ne suka ɓuya a cikinsu.

Ya yi 'yar dariya, ya ce yara kam haka suke. Sai dariyar ta ɗauke. Ashe ba wasa yake yi ba duk wannan lokacin. Na ga haka a yadda ya ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya don su daina rawa. Da zai tashi ya tambaya, "Su tsofaffin, me ake yi da su in an gama?" Na ce zubarwa ake yi. Ya ce to, ya shiga ɗaki.

Laraba, 18 ga Yuni

Takardarsu ta fito. Da safe shafin ƙirgar ambato da nake dubawa a waya ya nuna sha biyu.

Farfesa ya tsaya a taro ya ce a tafa mini. Aka tafa. Dogo ya ɗaga mini gira, a zatonsa shawararsa na bi. Bayan an watse na bi Farfesa har ƙofar ofishinsa, na ce, ranka ya daɗe, ambaton nan fa cewa suka yi na yi kuskure, kuma gaskiya suka faɗa.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Dakta, na'urar ba ta karanta abin da aka ce. Ƙirgawa take yi. Ɗakin naki ne." Ya ƙara da cewa irin wannan ma ya fi jawo ambato, in shirya, lambar za ta hau.

Na samu abin da na roƙa tun Fabrairu. Na sauke firam ɗin daga bango, ban san inda zan sa shi ba, yana bayan ƙofa.

Litinin, 7 ga Yuli

Na tura wa mujallar da ta buga takardata bayanin gyara, da hotunan ramukan da ba su cika ba. In za su janye ta gaba ɗaya, su janye. Ban tambayi Farfesa me hakan zai yi wa makin ba.

Dogo ya leƙo da rana ya ce ambaton takardar ya kai sha bakwai, wai ina tashe. Na ce haka ne? Ya ce kar in raina masa hankali, ni da nake dubawa a bas. Na bar shi a haka. Wayar ce ta cika, na goge wasu abubuwa kwanaki, ina jin har da shafin.

Tsofaffin na watan Fabrairu suna nan a akwatin ɗumi. Ya kamata a ce an zubar da su tuni, suna cin wuri. Ba sa rabuwa, ba su kuma mutu ba, ruwan da ke kansu yana canza launi, ke nan wani aiki suke yi. Ban taɓa tsayawa na duba mene ne ba, ina ta jira su zama yara. Na canza musu ruwa yau ma. Don dai akwai ragowar ruwan ne.

Baba ya fito da safe da rigar a buɗe, ya tsaya a gabana. Na sa masa maɓallan daga ƙasa zuwa sama. Da na kai na wuya ya ce, "Ina tsofaffinki?"

Na ce suna nan, Baba.