Ranar da Na Kashe Motar Kawu

Daura, Talata.

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ke da Baba da ƙannena kuna nan ƙalau, ciwon bayan nan kuma ya lafa. Ni jikina lafiya lau, hankali ne dai ba ya kwance.

Inna, sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, sai in ajiye. Shi ya sa na ba direban Funtuwa wannan takarda. Ki nemi wuri ki zauna. Yayanki, Kawu Dabo, yana hannun jami'an kan iyaka tun ranar Lahadi, ana zarginsa da fasa-ƙwaurin taki. Kuma da hannuna a ciki.

Kin san aikina a kamfanin manyan motocin nan da Kawu yake tuƙi: zama gaban allo daga safe zuwa yamma. Kowace mota an liƙa mata na'ura, ina ganin inda take, da gudunta, har nauyin kayan da ke kanta. In mota ta saki hanyar da aka tsara mata, allon ya yi ja. Ƙa'ida ita ce in kira direba sau uku, in jira minti goma. In shiru, in danna maɓalli motar ta mutu inda take, saƙo kuma ya tafi wurin hukuma da kansa. Kawu dama bai taɓa ƙaunar abin ba. Kullum cewa yake shekara talatin yana riƙe da sitiyari, yau 'yar da ya saɓa a kafaɗa ce ke leƙensa ta cikin akwati.

Ranar Lahadi da hantsi ya ɗauki taki zuwa Mai'adua. Ya ɗan tsaya a bakin kasuwa, can sai na ga ya bar kwalta ya yanki burji, ya nufi iyaka ta gefen Kongolam. Allo ya yi ja. Na kira, waya ba ta shiga ba. Na danna, Inna. Motar ta mutu a daji dab da ƙasar Nijar. Jami'ai suka iske ta shaƙe da taki babu kowa, da ya dawo bayan azahar suka yi gaba da shi.

Ban san abin da ya kai shi can ba. Na dai san Kawu ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Ki taya mu da addu'a, kada ki gaya wa Baba tukuna.

Taki,
Murjanatu.

Daura, Alhamis.

Inna,

Sallama da gaisuwa, da fatan takardata ta same ki lafiya. Jiya na je inda ake tsare da Kawu, ba a bar ni na gan shi ba. Amma na haɗu da wani dattijo a ƙofa, Malam Isyaku, shi ya warware mini zancen.

Ashe ƙanen Malam Isyakun ne, dillalin shanu, ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, kafin a ɗebo ruwa rai ya yi halinsa. Aka nemi motar da za ta kai gawa gida, ƙauyensu na nan kan layin iyaka, masu ƙananan motoci kowa ya noƙe saboda yashi. Ke kin fi ni sanin yayanki. Tun zamanin da yake koyon mota aka gaya masa direba ba ya wuce gawa, shi kuma ya riƙe. Aka ɗora mamacin kan buhuna, 'yan uwa suka hau. A hanyar nan kuwa waya takan koma layin Nijar, kira ba ya shiga. Da motar ta mutu suka sauko da gawar, suka ɗauka a kafaɗa cikin rana da yashi, har da Kawu da gwiwar nan tasa mai ciwo.

Jami'ai sun ƙi karɓar shaidar mutanen ƙauyen. Sun ce kowane mai fasa-ƙwauri da irin labarinsa. Ranar Litinin za a kai shi kotu.

Yau na buɗe bayanan motar. Wallahi shaidar na nan ƙarara. A bakin kasuwa nauyin motar ƙaruwa ya yi, gwargwadon mutum goma sha wani abu. Daga nan tafiyar hawainiya ya yi ta yi, irin ta mai lallaɓa gawa. Inda ta mutu nauyin ya koma daidai yadda ya bar Daura, ko buhu ɗaya bai sauka ba.

To ga abin da ban faɗa miki ba. In za a fitar da takardar bayanan nan a kai wa jami'ai, ba ta fita rabi, duka take fita, har da lokacin da aka danna maɓalli. Inna, ban jira minti goma ba. Huɗu na jira, kira ɗaya na yi. A rahotona kuma na rubuta cewa na bi ƙa'ida.

Tun da na fara aikin nan ake raɗe-raɗin Kawu ne ya samo mini, wai ina rufa masa asiri in ya yi gudu. Ranar nan manajanmu, Malam Yazid, yana tsaye a bayana, abokan aiki sun zuba mini ido. Sai na ji tsoron a ce na tsaya saboda nawa ne. Malam Isyaku ya ce ana hango rufin gidajensu daga inda motar ta tsaya, can kuma waya na kamawa. Da na jira, da ya isa ya kira ni.

In takardar ta fita, aikina ya ƙare, kuma Kawu zai sani. In na yi shiru, ba wanda zai leƙa. Kunya nake ji in gaya miki tun safe nake juya abin, kamar akwai abin juyawa.

'Yarki,
Murjanatu.

Daura, Asabar.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kowa na gida. Albishirinki, an saki Kawu jiya kafin Juma'a, an kuma mayar wa kamfani motarsa.

Da kaina na kai wa jami'ai takardar bayanan, bayan Malam Yazid ya sa hannu yana girgiza kai. An ba ni takardar sallama daga aiki, ban yi musu ba, laifina ne. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na zata.

Abin da ya dame ni shi ne babban jami'in a gaban Kawu ya karanta bayanan, layi bayan layi, har wurin minti huɗun. Kawu bai ɗago kai ba.

Yau da safe ya zo gida yana ɗingishi, ya rame. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo fura, ya sa mini albarka ya yi mini godiya kan takardar, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Na so ya yi faɗa, ya zage ni ma, bai yi ba. Sai da ya miƙe zai tafi ya juyo.

"Murja, da wani direban ne ba ni ba, za ki jira minti goman?"

Na ce zan jira.

Ya gyaɗa kai, ya sa takalminsa ya fita. Furar na nan yadda na dama ta.

Inna, ke kaɗai yake jin maganarki. Don Allah ki zo Daura. Ba na neman ki ce masa ban yi laifi ba, ki dai raka ni gidansa, don ni kaɗai ba zan iya yin sallama a ƙofar nan ba.

Taki mai neman gafara,
Murjanatu.