Ƙunshin Legas a Shagon Kawu Mani

Sheme, ranar Litinin

Zuwa ga ɗiyata Hamida, malamar makaranta a Ƙanƙara. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya.

Zauna ki karanta a hankali, kawunki ya zama attajiri bai sani ba. Kin san shekara talatin da ɗaya ina sayar da atamfa a bakin tasha. Yanzu matan garin nan sun koyi sayen kaya ta waya daga Legas da Anaca. Da an tambaye su inda za a sauke, sai su ce shagon Alhaji Mani, tunda ba direban da bai san ni ba. Ni kuwa tun ina yaro aka koya mini ba a ƙin ajiya. Sai in karɓa, in jera, in kore musu akuya, ko sisi ban taɓa nema ba.

Makon jiya masu haraji suka zo, su uku da biro ɗaya. Suka ga ƙunshi har rufi, suka ce ashe ni babban dila ne. Suka ninka mini haraji sau uku. Na ce kayan mutane ne. Babbansu ya ce, "Baba, ina masu kayan?" Na ce suna gida. "Mai sayarwa fa?" Na ce yana Legas. Ya ce shi Legas ba ta cikin takardarsa, ni ne a ciki.

Za su dawo ranar Alhamis su sake dubawa. In suka tabbatar, ba zan iya riƙe shagon ba. Ke kin iya Turanci, ki rubuto mini abin da zan miƙa musu.

Naki, Kawu Mani.

Ƙanƙara, ranar Talata

Kawu, ina gaisuwa da girmamawa.

Ga takardar na haɗo. Na tambayi wani maƙwabcinmu da ya san aikin. Ya ce mai sayarwa ta waya ba shi da shago a jiharmu, ba inda za a same shi, sai a kama wanda ake gani. Shawararsa ita ce kafin Alhamis kowa ta kwashe kayanta, kada ka ƙara karɓar ko ƙyalle.

Sai dai Kawu, akwai magana, ka yi mini afuwa. Ankon bikin ƙanwata Ummu Salma, na mata arba'in, mun yi odarsa daga Legas, ya fi sauƙi ƙwarai. Tunda a Sheme za a yi bikin, sunan shagonka na ba su. Ya riga ya taso. Wannan ɗaya kawai ka karɓa.

Taka, Hamida.

Sheme, ranar Juma'a

Hamida, na gaishe ki.

Na bi shawararki. Ranar Laraba na bi gida gida, ni da gemuna, ina roƙon mata su kwashe kayansu. Wata ta ce ashe tsufa ya sa ni rowar wuri. Shago ya koma fayau, daga ni sai atamfata da ba mai taya ta.

Alhamis da hantsi suka zo. Babbansu ya karanta Turancinki, har ya fara gyaɗa kai. Sai ga mota ta tsaya, direba na ƙwala kira, "Alhaji Mani, kayanka daga Legas!" Dila biyu, Hamida, kowace ta kai ƙuguna.

Mutumin ya ce, "Wannan kuma na wa ne?"

Ƙarya ɗaya ta ishe ni. In ce ban san mai shi ba, a mayar. Amma sunanki ne a jiki, duk tasha na kallo, kuma kowa ya san ɗiyar ƙanwata ce ke. Na ce na gidana ne. Ya rubuta, ya ninke takardarki ya ba ni.

Da suka tafi na ɓula gefe na taɓa. Zanen nan ne mai ganyen kuka, wanda kika ɗauki hotonsa a shagona da Sallah, kika ce maigida za ki nuna wa. Ni na riƙe miki shi a rana don hoton ya fito.

Mata arba'in na zuriyata za su yi ado, ko yadi ɗaya bai fita daga hannuna ba, kuma ni na biya wa mutumin Legas harajinsa. In kin same shi a waya ki ce ina gaishe shi.

Kawunki.

Ƙanƙara, ranar Asabar

Kawu, wallahi na kasa cin abinci. Zan mayar da kayan. Za mu haɗa hannu mu biya harajin bana. Don Allah kada ka rufe shago.

Taka, Hamida.

Sheme, ranar Litinin

Hamida, in bana kun biya, baɗi fa? Na mayar wa wanda ya ba ni hayar shagon makullinsa jiya bayan la'asar. Kada ki mayar da komai, ba za a yi bikin Ummu Salma babu anko saboda ni ba. Kayan na zaurena, ku aiko a ɗauka.

Ki ce wa matan su jiƙa zanen da gishiri kafin a kai wa tela. Ba irin nawa ba ne, zuba zai yi.

Allah Ya sanya alheri.

Mani.